Cinyoyin da Ummi ta Gada

Wadda ta fara yi mana gaisuwar rasuwar Hajiya ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya. Maƙwabciyarmu ce, wata dattijuwa 'yar Malay da muke kira Makcik, wato goggo da harshensu. Ta jiyo kukan da na ƙwalla ta bango, ta fito ta tsaya can nesa da ƙofarmu da takunkumi a fuska, don a lokacin an killace mu saboda korona, babu mai shigo mana, mu ma ba ma fita. Ta ɗaga hannu biyu tana salati, ta yi ta magana da yarensu hawaye na jiƙa takunkumin. Can da azahar ta rataye mana ledar shinkafa da kifi a ƙarfen ƙofa, ta ƙwanƙwasa, ta koma ɗakinta da sauri. Iyakar zaman makokin da aka yi wa surukata a Kuala Lumpur ke nan.

Sauran gaisuwar duk ta waya ta zo. Matan ɗalibai da matan malaman jami'a 'yan gida da ke warwatse a garin suka dinga kira ɗaya bayan ɗaya. Kowacce sai ta ce ya haƙuri, sai kuma ta yi shiru, saboda abin da ya kamata ya biyo baya shi ne "ga ni nan zuwa", kuma babu wadda za ta iya faɗa. Daga Kano tsofaffin ɗalibanta suka nemo lambarmu, mata ne da yawansu sun yi jika. Wata ta ce mini, "Malama ce ta zagaya fili da ni ina kuka ina cewa ƙirjina zai fashe, tana gefena tana gudu da zaninta. Har yau idan abu ya yi mini nauyi muryarta nake ji." Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, ta kashe wayar ba sallama.

Yayar maigidana ba ta yi gaisuwa ba. Ta ce a ba shi wayar, na miƙa masa yana kwance a ƙasa yana tari. Ina jin muryarta daga inda nake tsaye.

"Ka riƙe ta wai kada ta kamu a hanya. Ga shi ta kamu a cikin ɗakinka. Yanzu wa zai yi mata wanka? Wa zai sa ta a kabari?"

Ya bari ta gama, ya ce, "Allah Ya ba mu haƙuri, Yaya," ya kifa wayar a kan ƙirjinsa.

Ummi, 'yarmu ta fari, tana da shekara goma sha uku a lokacin. Sunan Hajiya ta ci, shi ya sa muke ce mata Ummi. Ita ba ta yi kuka ba. Ta shiga ɗakin da suke kwana tare da kakarta, ta turo ƙofa.

Na zauna rubuta wannan ne saboda a gida babu kabarin da za a nuna wa jikokinta, a nan kuma mu da muka san inda yake ba mazauna ba ne.

Hajiya mahaifiyar maigidana ce, shi ne autanta. Ta yi aikin koyarwa a wata makarantar 'yan mata ta kwana har ta yi ritaya, darasinta kuwa motsa jiki ne: gudu, tsalle, ƙwallon raga. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, da ƙafafu masu kauri, idan tana tafiya a falo har kofunan da ke kan tebur sai sun amsa. Wankan jego ya kawo ta, lokacin da na haifi ƙanin Ummi a farkon shekarar da korona ta ɓullo. Niyyarta ta ga arba'in ɗina, ta ɗan ƙara kwanaki, ta koma kafin azumi. Tana nan aka rufe filayen jirgi.

Sau ɗaya tak muka samu muka fita da ita yawon gari kafin kulle. Mun kai ta Jalan Masjid India, wani titin kasuwa, ta zaɓo wa jikokinta na gida mayafai. Mu da muka san hanya muka zama masu bin bayanta, tana gaba tana keta mutane, tana waiwayowa tana cewa, "Ku yaran zamani duk mota ta kashe muku ƙafa." A wannan fitar ta tsinci kalmomi biyu na Malay, makan da boleh, wato ci da kuma ya yiwu. Da su kaɗai take hira da Makcik ta baranda, kuma hirar takan yi tsawo. Ta ce mutanen ƙasar kirki gare su, abu ɗaya ne ba za ta yafe musu ba, zuba sukari a miya.

Bayan sallar asuba ba ta komawa barci. Takan ɗauki carbinta ta dinga kai da kawowa a dogon barandar benenmu na unguwar Cheras. Da dokar kulle ta tsananta ta dawo da tafiyar cikin gida, daga ƙofar falo zuwa kicin, daga kicin zuwa ƙofar falo. Duk abin da ka kawo mata kuka a kai, ciwon kai ne ko ɓacin rai ko kewar gida, amsarta ɗaya ce: "Tashi ki taka." Ranar da na samu labarin rashin lafiyar mahaifiyata ina zaune ina kuka, ba ta rarrashe ni ba. Ta karɓi jaririn ta goya, ta kama hannuna, muka yi ta zagaya falon nan har numfashina ya daidaita.

Ummi tana koyon bale tun tana ƙarama, rawar nan ta Turawa da 'yan mata ke tsayawa a kan yatsun ƙafa. Wata ƙawarta ta makaranta ce ta ja ta. Wurin koyon wani ɗan zaure ne a saman wani kedai, wato kanti, kusa da tashar jirgin ƙasa, kuma mata ne zalla, shi ya sa babanta ya yarda, da sharaɗin idan ta girma za a sake magana. Ita kaɗai ce baƙar fata a ajin. Hajiya ba ta san da zancen ba sai da kulle ya mayar da darasin cikin kwamfuta. Ta fito daga ɗaki wata safiya ta tarar da jikarta a tsakiyar falo da ɗamammen wando, ta dafa bayan kujera, ta ɗaga ƙafa ɗaya sama.

Ta ƙwala wa ɗanta kira. "Auta! Zo nan. Wannan da saninka?"

Ya fito yana sosa kai, ya fara bayanin cewa motsa jiki ne.

"Ni za ka gaya wa motsa jiki? Motsa jiki tsirara ake yi?"

Ta zauna ta haɗe rai tana jan carbi, amma ba ta bar falon ba. Can malamar rawar ta ba da umarni daga cikin kwamfuta, Ummi ta matsa baya, ta tashi sama ta buɗe ƙafafu, ta sauko kamar an ajiye auduga. Carbin Hajiya ya tsaya.

"Takwara, sake."

"Na'am?"

"Na ce sake tsallen nan."

Ummi ta sake. Hajiya ta juyo ta kalle ni. "'Yar nan, kin ji ƙarar saukarta?"

Na ce ban ji ba.

"Ni ma ban ji ba. Na ƙare aikina ina neman yarinyar da za ta sauka haka, ashe tana gidana."

Daga ranar ita ce mai riƙe kujera. Sharaɗinta ɗaya, Ummi ta ɗora doguwar riga a kan wandon. Tana zama gefe inda kwamfuta ba ta ɗauko ta, ta danne kujerar da gwiwa don kada ta zame, tana gyara wa yarinyar kafaɗa da ɗan yatsa. Waɗannan watannin su ne mafi daɗi da muka yi a cikin kullen nan.

Malamar bale wata 'yar asalin Sin ce, siririya, mai sanyin murya. Ba muguwa ba ce, ta daɗe tana son Ummi. Tana shirin zaɓar waɗanda za su tsaya a sahun gaba a wani wasa da take fatan yi idan an buɗe gari, sai ta ce kowacce ta matso kusa, ta cire abin da ta ɗora a sama, ta juya gefe. Da ta zo kan Ummi ta daɗe tana kallo.

Da Turanci ta yi maganar. Ta ce, "Ummi, tsallenki ya fi na kowa. Amma cinyoyin nan sun yi kauri da yawa. Ƙafar ba ta fita siririya yadda ake so. Sai kin rage su."

Sauran yaran suna nan a 'yan tagoginsu a fuskar kwamfuta. Ɗaya ta rufe baki da hannu.

Hajiya ta saki kujerar, ta sunkuyo da kanta har fuskarta ta cika allon. Da Turancinta na tsofaffin malamai ta ce, "Malama, wannan tsoka ce, ba kitse ba. Da ita take yin tsallen da kike yabo."

Malamar ta rikice, ta fara ba da haƙuri. Ummi ta rufe kwamfutar da ƙarfi ta ruga ɗaki.

Da yamma malamar ta aiko mini da saƙo mai ladabi. Ta ce ba nufinta ta ɓata wa kowa rai ba. Ta ce Ummi ta daina hawa matakalar bene da ƙafa, ta daina duk motsin da ake tsugunnawa a tashi, ta yawaita miƙe jijiya a kwance, ta ɗan rage shinkafa da soye-soye. Na karanta wa Hajiya. Ta ce, "Miƙe jijiyar gaskiya ne, ni zan taya ta. Ta koyi ɗaga ƙafa daga ƙugu, ta daina ɗora wa cinya aikin duka, wannan ma gaskiya ne. Amma tsoka ba man shanu ba ce da za a ɗora a wuta ta narke. Ƙirar gidanmu ce. Haka uwata take, haka nake."

Ummi ba ta ji wannan ba. Abin da ta ji shi ne a rage.

Ta fara da raba abincinta biyu. Sai ta koma cewa ta ci a kicin. Ta ɗauke tef ɗin awo daga kayan ɗinkina, kullum da safe sai ta kulle banɗaki ta auna. Ta dinga naɗe cinyoyinta da ledar rufe abinci a ƙarƙashin wando, wai zufa za ta zubar da su. Ta daina tsalle gaba ɗaya idan ba a cikin darasi ba, saboda ta gani a waya cewa tsalle yana ƙara cinya. Ni ina fama da jariri mai kukan ciki, babanta yana kulle a ɗaki yana koyar da ɗalibansa ta kwamfuta. Hajiya ce ta gano. Ta je zubar da ƙunzugun jariri ta tarar da malmalar tuwo guda a ƙasan ledar, an naɗe ta da takarda.

Ranar ta tuƙa tuwon shinkafa da kanta, ta kaɗa miyar kuka da kukar da wani ɗan Kano mai sayar wa ɗalibai kayan miya ya kawo mana har ƙofa. Muka zauna gaba ɗaya. Ta tura wa Ummi kwano.

"Takwara, makan."

"Na ƙoshi."

"Da me kika ƙoshi?"

Ummi ta kawar da kai.

"Da me kika ƙoshi, na ce? Da wanda kika zuba a shara?"

Ummi ta miƙe tsaye. Ta fara da Turanci kamar yadda ta saba idan ranta ya ɓaci, sai kuma ta juya Hausa, ina jin don maganar ta isa inda take so ta isa.

"Ke ce! Ƙafafunki ne! Kowa a ajin ƙafarsa daidai, ni kaɗai ce kamar saniya. Me ya sa ban ɗauko na Mama ba? Me ya sa sai naki?"

Babanta ya zabura. Hajiya ta ɗaga hannu.

"Zauna, Auta. Gaskiya ta faɗa. Nawa ne."

Ta wanke hannunta a cikin kwanon ruwa, ta tashi ta shiga ɗaki. Washegari da asuba na farka ban ji takunta a falo ba. Haka jibi, haka gata. Wata hantsi na kai mata shayi na tarar da ita zaune a bakin gado, ta janye zaninta zuwa gwiwa, tana kallon ƙafafunta. Na juya zan fita don kunya, ta ce in ajiye kofin.

"'Yar nan," ta ce, ba ta ɗago ba, "ni tunda nake ban taɓa sanin abin kunya ba ne."

Na ajiye kofin na fita.

Da ta fito daga wannan shirun, ta fito da kwano ɗaya ne a hannu. Ta ajiye shi tsakaninta da Ummi. Ummi ta durƙusa za ta ba da haƙuri, Hajiya ta ce ta bar shi.

"Daga yau kwanonmu ɗaya. Ki kai loma, in kai loma. Kin tsaya, na tsaya."

Hajiya tana da ciwon suga, kuma maganin da take sha ba a shan sa da yunwa. Ɗanta ya roƙe ta, ni ma na roƙe ta, ta ce mu fita daga tsakaninta da takwararta. Ummi ta ɗauka wasa ne. Ta yi loma uku ta cire hannu, Hajiya ma ta cire. Aka yi haka da safe, aka yi da rana. Kashegari da la'asar Hajiya tana zaune a kan dadduma sai hannunta ya kama karkarwa, zufa ta karyo mata, magana ta fara harɗewa. Muka ɗura mata ruwan sukari, babansu yana kiran sunan Allah, jariri yana tsala ihu. Da ta dawo hayyacinta, Ummi ta ɗauko kwanon da kanta, ta zauna a gabanta tana ci tana kuka.

Haka suka ci gaba. Bayan cin abinci kuma su shimfiɗa tabarma su yi miƙe jijiyar da malamar ta ce, tsohuwa da jikarta, Hajiya tana nishi tana cewa ƙugunta ya yi tsatsa, Makcik tana leƙowa ta baranda tana tafa hannu. Ummi takan yi dariya wani lokaci. Na ɗauka an wuce wurin. Hajiya ba ta ɗauka ba. Wata rana muna wanke-wanke ta ce mini, "Kada ki yaudari kanki. Ba don kanta take ci ba, tsoro ne yake sa ta. Ni na san dabarar sa yarinya gudu, amma wannan ciwon ban san kansa ba."

Gaskiyarta ne. Abin da Ummi ta ci a gaban kakarta tana rama shi a makaranta da aka buɗe na ɗan lokaci, ta dawo da abincinta yadda aka zuba, ko ta ba ƙawaye. Fuskarta ta zube, ƙasusuwan wuyanta suka fito, cinyoyin kuwa suna nan, su ne na ƙarshen tafiya. Da aka koma zauren bale na 'yan makonni, malamar ta sa ta a sahun baya, ta ce ta ga kamar ba ta da ƙarfi kwana biyu. Wasan ma ba a yi shi ba, aka sake rufe gari.

A tsakanin nan ne aka fara samun jiragen komawa gida jefi-jefi. Yayar maigidana ta matsa a sako Hajiya. Gaskiya ne shi ya ji tsoron doguwar hanya da sauye-sauyen jirgi ga mai ciwon suga, ya ce a ɗan jira. Amma da Hajiya ta so tafiya babu mai tsayar da ita. Ita ce ta ce masa a gabana, "Ba zan tafi in bar yarinyar nan a haka ba." Ba mu taɓa gaya wa Yaya wannan ba, don kada laifin ya koma kan Ummi. Abin da ba mu sani ba a lokacin, Ummi tana bakin ƙofar kicin, ta ji.

Cutar ta shigo mana a tsakiyar shekara ta biyu, lokacin da ƙarar motar asibiti ba ta yankewa a unguwar. Ba mu san ta inda ta biyo ba. Maigidana ne ya fara tari, aka gwada mu, duk muna da ita. Ni da yara ta zo mana da sauƙi. Hajiya ta yi kwanaki tana cewa mura ce, tana ƙoƙarin tafiyarta ta asuba tana dafa bango. Ranar da ta kasa ƙarasa fatiha a zaune sai da ta huta, muka kira asibiti. Mutum biyu suka zo da safe cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa, da kujerar turawa. Ta ce ba ta hawa, da ƙafarta ta shigo gidan nan. Ta taka har bakin ƙofa, a nan ta tsaya ta kamo hannuna.

"Ki zauna da takwarata ki ci. Kada ki yi mata faɗa. Ki dai zauna ki ci."

Ta kai tsakiyar baranda kafin ƙafar ta ƙi. Suka zaunar da ita. Muna tsaye a bayan ƙarfen ƙofa muka ga an tura ta cikin lifta.

Sau ɗaya muka ƙara ganinta. Wata ma'aikaciyar jinya ta kira mu ta bidiyo ta riƙe mata wayar. An rufe mata hanci da baki da robar iska, muryarta ba ta fita sosai. Ɗanta ya yi mata sannu, ta kaɗa hannu alamar ya matsa. Muka gane wa take nema. Ummi ta zo gaban wayar da farantin shinkafa, ta ɗebo cokali ta kai baki, ta tauna, ta haɗiye, ta sake ɗebowa. Hajiya tana kallo. Ta ɗaga robar kaɗan ta ce, "Boleh." Ma'aikaciyar ta mayar mata da ita, ta ce lokaci ya yi.

Bayan 'yan kwanaki aka kira maigidana da hantsi.

Babu ɗayanmu da ya je jana'izarta, don ba a sallame mu daga killacewa ba. Ba a yi mata wanka ba, taimama aka yi mata a kan ledar da aka rufe ta. Ɗan Kanon nan mai kayan miya, Allah Ya saka masa, shi ya hau babur ɗinsa ya bi motar gawar har maƙabarta, ya tsaya a bayan shinge inda aka yarda ya tsaya, ya ɗaga mana waya. Abin da muka gani fararen mutane ne 'yan ƙanana can nesa, da motar haƙa rami, da jar ƙasa. Hoton yana yankewa yana dawowa. Muna jin shi yana ta maimaita addu'a shi kaɗai da Hausa, iska tana kaɗa muryarsa. Maigidana ya tashi da ƙyar ya yi mata salla a falo, ya fuskanci alƙibla, wayar tana jingine a kan tebur.

Zauren bale bai sake buɗewa ba. Malamar ta aiko da gaisuwa, ta ce ta saki wurin, yanzu kek take yi a gida tana sayarwa. Ta tambayi Ummi, na ce tana lafiya. Ummi ta tattara takalman rawarta ta ba 'yar maƙwabta ba tare da ta tambayi kowa ba. Na yi zaton tunda babu rawa, babu dalilin ƙin abinci. Ashe abin ya daɗe da rabuwa da rawa.

Ina zama da ita kamar yadda aka ce mini. Kwano ɗaya, ba faɗa. Takan kalle ni ta ce, "Mama, ke ba ki da ciwon suga, ki ci abinki." Mun kai ta wurin likita, ana ba ta shawara ta bidiyo, wani mako a ga ɗan sauƙi, wani mako a koma baya. Sau ɗaya ta yi mini maganar kakarta. Ina tsefe mata kai gashin yana biyo matsefi, sai ta ce, da Turanci, a hankali, "Da ta tafi gida da tana nan da ranta." Na ce kwananta ne ya ƙare, ko'ina take sai ta tafi. Ta ce, "Na ji abin da ta ce wa Baba." Na yi ta magana, na kawo duk abin da na sani na ƙaddara. Ta bar ni na gama, ta miƙo mini ribom ɗinta.

Aikin maigidana a jami'a ya kusa ƙarewa, kuma ba a ce za a sabunta ba. Da muka tabbatar tafiya ta matso, ya ce mu je mu ga kabarin gaba ɗaya. A gida mata ba sa zuwa maƙabarta, a nan suna zuwa, ni ma ban yi musu ba. Wurin yana can wajen gari, a jikin wani ɗan tudu. Sashen da aka binne mutanen korona yana sama, sababbin kaburbura a jere, ciyawa ta fara rufe su. Mota ta ajiye mu a ƙasa. Tudun ba wani tudu ba ne, ƙaninta da bai daɗe da iya tafiya ba ya haye shi yana riƙe da yatsana. Ummi ta tsaya a hanya ta dafa gwiwa. Ta ƙara 'yan taku ta sake tsayawa, leɓɓanta sun yi fari. Babanta ya koma ya riƙo ta ta kafaɗa, ya kusa ɗauke ta, har suka iso.

Ya yi addu'a mai tsawo, muka shafa. Ummi ta zauna a ƙasa kusa da kan kabarin, don ba za ta iya tsayuwar ba. Ta miƙe ƙafafunta a gabanta. Iska ta manna mata doguwar rigarta a jiki, na ga abin da na daɗe ina kawar da ido daga gani, sandunan rake biyu a cikin yadi. Ita ma su take kallo. Ta ɗora tafin hannunta a kan ƙasar kabarin.

"Hajiya," ta ce, "sun ragu."

Babanta ya juya mana baya, kafaɗunsa suna motsi. Da za mu sauko, goya ta ya yi.

Allah Ka ji ƙan baiwarKa da ta zo taya mu jego ta kwanta a ƙasar da ba ta san kowa ba. Ka yalwata mata makwanci, Ka karɓi wankan da ba mu samu yi mata ba, Ka haɗa ta da iyayenta a gidan rahama. Takwararta kuma tana hannunKa, mu namu ƙoƙarin ya gaza.